Kafin ka kai tabilet ɗinka a yi mata filashin

A Jos, in tabilet ta ƙi kama waifai, maganin da ake saurin ambatawa shi ne filashin, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake ɗora mata manhajar da take aiki da ita. Ka bi ta Ahmadu Bello Way ko ka gangara Taminus da ita a hannu, kafin ka ƙare bayani wani yaro ya riga ya karɓe ta yana cewa, "Alhaji, ai filashin take so." Ban ce duk masu gyara haka suke ba, akwai ƙwararru a cikinsu da ni kaina nake kai wa abin da ya fi ƙarfina. Amma ni da nake da ɗan shagon buga takardu da cike fom ta intanet a wajen Bauchi Road, kuma dangi da maƙwabta suka mayar da ni injiniyan da ba a biya, na sha ganin tabilet da aka goge tas, hotunan biki da karatun malamai da littattafan yara duk suka tafi, aka dawo da ita gida ta ci gaba da ƙin kama waifai ɗin kamar ba a taɓa ta ba. Yawancin lokaci matsalar ba a jikinta take ba.

Akwai ma wani tarko da ba a cika faɗa wa mutane ba. Tun daga Android 5.1 da ya fito a 2015, in aka goge na'ura ta bayan fage irin yadda masu gyara ke yi, tana tashi sai ta nemi asusun Google ɗin da ke kanta a da, haɗe da kalmar sirrinsa. An yi haka ne don kada ɓarawo ya mori abin da ya sata, kuma iPad ma tana da irin wannan makulli tun 2013. To tabilet nawa ne a gidajenmu aka san kalmar sirrin imel ɗin da ke kansu? Galibi wani ɗan makaranta ne ya buɗe shi a tsaitsaye ya manta, ko kuma ta hannu aka sayo da asusun mai ita na farko. Sannan kafin ta tantance asusun dole sai ta hau intanet, ta waifai ɗin nan da tun farko ta ƙi kamawa. An tashi ke nan daga na'urar da aƙalla take kunna karatu da bidiyo ko babu intanet, an koma wadda ba ta wuce shafin farko.

Abin da nake fara yi ba ya cin ko sisi. Ina kashe tabilet ɗin gaba ɗaya, in zare rauta, wato na'urar da ke watsa waifai a gida, daga wuta, in maifai ne, wato ƙaramar rauta ta aljihu, in cire batir ɗinsa, in ɗan jira, in mayar da komai. Wannan kaɗai yana sallamar mutane da yawa. In bai yi ba, sai in ɗauki wata waya in haɗa ta da waifai ɗin gidan in ga ko tana buɗe shafi, sannan in kunna hotsifot a tawa wayar in ga ko tabilet ɗin za ta kama shi. In ta kama nawa har ta buɗe YouTube, to lafiyarta ƙalau, tsakaninta da rautar gidan ne ba a jituwa, kuma can ya kamata a duba. Sai dai a lura, hotsifot ɗin ya kasance a kan 2.4 GHz, wato nau'in waifai da kusan kowace tabilet ke gani, ana zaɓar haka a saitinsa. Masu iPhone 12 zuwa sama su kunna Maximize Compatibility, aikinsa ke nan.

Wadda ta fi ba ni sha'awa cikin duk waɗanda suka biyo ta hannuna ita ce ta gidan yayata da ke Unguwar Rogo. Wani ɗan'uwan mijinta ne ya aiko wa yara ita daga Amurka, sabuwa fil, da rigarta ta roba mai kauri. Wata rana ta kama waifai ɗin gidan lafiya lau, wata rana sunan waifai ɗin ma ba ya fitowa a jeri, alhali ga na maƙwabta nan reras, har da hotsifot ɗin mai shagon caji na bakin layi. Wayoyin gidan kuwa duk suna kamawa. Yaran sun sha faɗa a kan haka, don an ɗauka ƙasa suke buga ta.

Na ce, "Yaya, yaushe kika lura ta fi yin haka?"

Ta ce, "Kai dai bari. Ba ta da lokaci. Amma na ga kamar in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, wani lokacin sai ta gyaru, wani lokacin kuma a nan take lalacewa."

Maganar nan tata ita ta warware komai. Waifai na 2.4 GHz a rarrabe yake zuwa tashoshi masu lamba. A mafi yawan ƙasashen duniya ana amfani da tasha 1 zuwa 13, amma a Amurka da Kanada a 11 ake tsayawa, don haka na'urori da yawa da aka ƙera don kasuwarsu ba sa ko leƙa 12 da 13. Kamar rediyon da allurarsa ta kai ƙarshe ba ta iso tashar da kake nema ba: tashar na nan tana watsa shiri, shi ne dai bai kai wurin ba. Ita kuma rauta, in an bar ta a kan Auto, duk sanda ta tashi sai ta saurara ta ji wace tasha ce ba cunkoso, ta zauna a kai. A unguwa irin tasu, inda gida ke manne da gida kuma kowa da hotsifot ɗinsa, tashoshi masu ƙananan lambobi a cike suke, sai ta gudu can 12 ko 13. Kowace ɗauke wuta sabon zaɓe ne. Ranar da ta faɗa kan 6 ko 9 yara su sha kallo, ranar da ta faɗa kan 13 su sha faɗa.

Na juya rautar na share ƙurar da ke ƙasanta da gefen hannun riga. A kan 'yar takardar da ke manne akwai adireshin shiga, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ya danganta da kamfanin da ya ƙera ta, da sunan shiga da kalmar sirrin mai kula, wadda daban take da ta waifai. Na rubuta adireshin a burauzar wayata, na shiga saitin waifai, na gangara inda aka rubuta Channel. Ga shi nan ƙuru-ƙuru, Auto, kuma tana zaune a kan 13. Na mayar da ita 6 na adana. Waifai ɗin ya ɗauke na ɗan lokaci a duk wayoyin gidan, har mai gidan ya leƙo daga ɗaki yana tambayar wa ya taɓa masa intanet, sai ga ƙaramin yaron yana ihu, "Kawu, ga shi ya fito!" A zaɓi 1 ko 6 ko 11, don su ukun nan ne ba sa shiga hurumin juna. Duk mai tabilet ɗin da aka aiko daga waje, ko ta gwanjo da bai san asalinta ba, ya fara duba wannan.

Rashin ganin suna yana da wani sanadin da ya fi wannan yawa yanzu. Sababbin rautoci suna watsa waifai iri biyu, na 2.4 da na 5 GHz, sau da yawa sunan na biyun yana ƙarewa da 5G, duk da ba shi da alaƙa da 5G ɗin kamfanonin waya da aka fara a Najeriya a 2022. Tabilet masu araha da tsofaffi da dama 2.4 kaɗai suke gani. In wani ya kashe 2.4 don an ce masa 5 ya fi gudu, to ya rufe musu ƙofa. In kuma rautar ta haɗe su biyun a suna ɗaya, a raba su, kowanne da sunansa. Gaskiya ne 5 ya fi gudu, amma ba ya jure bango. A gidajenmu na bulon siminti da ƙofofin ƙarfe, rauta tana falo a bayan talabijin kai kana ƙuryar ɗaki, 2.4 ne zai iso ka. Wasu kuma da gangan suke ɓoye sunan waifai ɗinsu saboda maƙwabta, su manta sun ɓoye, sai an shigar da sunan da hannu harafi bayan harafi.

In suna ya fito amma ta ƙi shiga, sai a karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashin sunan. Mutane ba sa karanta shi, alhali nan take faɗin abin da ke damunta. In ta rubuta Authentication error, ko ta tsaya a Saved ba ta gaba ba ta baya, maganar kalmar sirri ce. Sau tari mai gida ne ya canza ta, ita kuma tana ta gwada tsohuwar. A danna sunan, a zaɓi Forget, a sake rubutawa, a kuma kunna alamar idon nan don a ga abin da ake bugawa. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta, sifili da harafin O suna ruɗin ido, haka lamba 1 da ƙaramin l. Kalmar sirrin waifai ba ta gaza haruffa 8, in wadda aka karanto maka ba ta kai haka ba to an bar wani abu a hanya.

Wani lokacin kalmar daidai take amma a banza. Nan sai a duba nau'in makullin. WPA2 shi ne wanda aka daɗe ana amfani da shi tun 2004, a 2018 aka fito da WPA3, kuma sai daga Android 10 na 2019 na'urorin Android suka fara gane shi. Sabuwar rauta da aka saita a kan WPA3 ba za ta buɗe wa tabilet mai Android 7 ko 8 ba ko sau nawa aka buga kalmar, har ma saitin da ya gauraya WPA2 da WPA3 yana rikita wasu tsofaffin. A shiga shafin rautar a mayar da shi WPA2-PSK kawai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shawarar da wasu ke bayarwa wai a cire makullin gaba ɗaya. Tabilet ɗin za ta shiga, gaskiya ne, amma tare da duk samarin layinku. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ban ga mai halin ciyar da unguwa ba.

Zancen samarin layi ya kawo ni kan wata matsalar. In tabilet ta tsaya tana ta juyi a kan Obtaining IP address, ta wuce kalmar sirri ke nan, lamba take jira. Kowace na'ura da ta shiga sai rauta ta ba ta lambarta kafin ta fara aika mata komai. Ƙananan maifai da yawa ba sa ɗaukar fiye da na'ura 10, wasu 16. Ka ƙirga wayoyin gida, da talabijin, da kwamfutar ɗan jami'a, sannan ka tuna cewa wayoyin yanzu suna nuna kalmar sirri a matsayin hoton QR da aboki zai ɗauka cikin ƙiftawar ido. Tabilet ɗin da aka kunna a ƙarshe ita ke rasa wuri. A shafin rauta akwai jerin duk waɗanda ke ciki, kuma duk wanda na nuna wa nasa jerin sai ya riƙe baki. Mafi sauƙi a canza kalmar sirri, a sake haɗa na gida kaɗai. Toshe baƙi ɗaya bayan ɗaya wahala ce, kuma a nan ake toshe na gida bisa kuskure, don tabilet ba ta cika fitowa da sunan da za a gane ta ba, sai wasu haruffa da lambobi. In a gidanku akwai mai son shiga saitin rauta, a duba jerin waɗanda aka toshe. Masu yin akasin haka, wato su rubuta adireshin MAC (lambar shaidar da rauta ke gane kowace na'ura da ita) na waɗanda aka yarda su shiga kaɗai, su sani cewa daga Android 10 da iOS 14 na'ura tana ƙirƙirar wani adireshin na daban ga kowane waifai, ba wanda ke rubuce a bayanan na'urar take nunawa ba. Ana kashe wannan a saitin shi waifai ɗin.

Sai rukunin da ya fi tara mini mutane a shago: ta kama, alamar waifai ta cika, amma ba abin da ke buɗewa. A nan kafin a zargi kowa a tambayi layin da ke cikin rautar. Data ta ƙare? An rufe layin? Layin rauta maraya ne, ba mai kiransa, ba mai karanta saƙonninsa, duk gargaɗin da aka aiko yana can jibge a akwatin saƙo na shafin rautar. Lokacin da wa'adin haɗa layi da lambar NIN ya cika a 14 ga Satumban 2024, mutane sun haɗa layukan wayoyinsu sun manta da na cikin maifai. Wani lokacin ma abin ya wuce Jos gaba ɗaya. A 14 ga Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har shago aka riƙa kawo mini na'urori lafiyayyu a gyara.

Baffana kuwa tasa daban ce. Yana da wata tabilet marar layi da yake sauraren tafsiri da ita, in azumi ya wuce sai ya sa ta a durowa, batir ya mutu murus. Da ya ciro ta ya yi caji, ta kama waifai amma YouTube ya ƙi, Play Store ya ƙi, burauza sai jan gargaɗi take nunawa. Ya aiko a kira ni.

Na duba saman fuskarta na ce, "Baffa, kun ga kwanan watan da take nunawa?"

Ya gyara tabarau ya ce, "Ikon Allah. Wannan ai ko aure ban yi ba a lokacin."

Janairun 1970 ta koma, wanda daga nan irin waɗannan na'urori suke fara ƙirgen lokaci. Wasu kuma shekarar da aka ƙera su suke komawa. Kusan kowane shafi a yau yana gabatar da takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa, na'ura kuma da agogonta take auna ko takardar tana aiki. In agogo ya ce 1970 ake, duk takardun duniya ba su fara aiki ba a wurinta, sai ta ƙi kowa. Waya mai layi tana karɓar lokaci daga kamfanin layin, marar layi kuwa sai ta intanet, kuma ba kullum take yin hakan da kanta ba. Na shiga saitin kwanan wata, na kashe na atomatik, na sa rana da lokaci da hannu, na zaɓi yankin lokacin Afirka ta Yamma, GMT+1, komai ya buɗe, sannan na mayar da atomatik ɗin. Shayin da aka kawo mini ko hucewa bai yi ba.

A duba VPN ma, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya don a tsallake toshewa. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane sun sauke VPN na kyauta barkatai, wasu har yau suna nan a na'urori. In an saita shi ya riƙa aiki kullum, kuma sabar da yake bi ta mutu, to ya toshe hanya ke nan, waifai na nan amma ba abin da ke wucewa. Alamarsa ɗan makulli a saman fuska. A cire shi. Haka Private DNS da ya zo da Android 9, in wani ya rubuta wani adireshi a ciki don toshe talla, a mayar da shi Automatic a gani.

Akwai kuma tsufa, wanda ba saiti ke gyara shi ba. Tabilet da Android ɗinta bai kai 7.1.1 ba, tun 2024 shafuka da yawa masu amfani da takardar shaidar tsaron da wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt ke bayarwa suke ƙin buɗe mata, domin ba ta san sabon tushen takardar ba kuma tsohon da take dogara da shi wa'adinsa ya ƙare. Waifai ɗinta lafiya lau, filashin kuma ba zai ƙara mata komai ba, don Android ɗin da take da shi za a sake mayar mata.

In duk an bi waɗannan ba a dace ba, akwai ƙaramar gogewa da ba ta taɓa hoto ko fayil. A saiti a nemi Reset, a zaɓi na netwok kaɗai, wanda a wasu na'urori aka rubuta Reset network settings, a wasu kuma Reset Wi-Fi, mobile & Bluetooth. Abin da zai tafi shi ne sunayen waifai da aka adana da na'urorin Bluetooth da aka haɗa. A karanta da kyau kafin a danna, don a jeri ɗaya yake da Factory reset, kuma yatsa ba ya da wuyar zamewa.

Wadda ta cancanci zuwa wurin mai gyara tana da alamunta. Maɓallin waifai ya dushe ba ya dannuwa, ko ka kunna ya kashe kansa nan take. Ba ta ganin ko suna ɗaya a tsakiyar Taminus, inda waifai ya fi a ƙirga. A bayanan na'ura adireshin MAC ba ya fitowa. Sau da yawa Bluetooth ma ya mutu tare, saboda a na'urori da yawa guntu ɗaya ne ke ɗauke da su biyun. In kuma tana kamawa ne kawai idan ka manna ta da rauta, musamman bayan ta faɗi ko an canza mata gilashi ko batir, to ka ce wa mai gyara ya fara duba 'yar siririyar wayar eriya, don takan zame daga mazauninta ko a manta ba a mayar ba lokacin rufewa, kuma mayar da ita aikin 'yan mintuna ne. Ka kwashe hotuna da fayiloli zuwa memori ko kwamfuta kafin ka miƙa ta, ka tabbatar ka san imel ɗin da ke kanta da kalmar sirrinsa, kuma ka faɗa masa a fili kada ya goge komai sai ya kira ka. In ya ce guntun ne ya ƙone, ka tambayi kuɗin aikin ka gwada da kuɗin wata ta hannu. A kan tabilet mai araha sau da yawa ba ya biya, gara a cika mata memori da karatu da darussan yara daga wata na'urar, a ci gaba da amfani da ita a haka.